Jinyar Maigidana: Daga Shawara Har Zuwa Dashen Hanta

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kano, 'ya'yanmu huɗu da maigidana. Shi kuma akawu ne a wani kamfani mai zaman kansa, kafin ciwo ya raba shi da aikin. Tun da muka dawo daga Indiya mata suke tare ni a gidan suna ko a waya suna tambayar yadda muka yi, galibi waɗanda su ma aka ce wa nasu yana da ciwon hanta. Guntu-guntu nake ba su amsa, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi daga tushe.

A 2016 muka fara jin sunan ciwon. Na zubar da jini wajen haihuwar autarmu, aka ce a nemo mai ba da jini, maigida ya miƙa hannu. Da aka gwada sai aka ce nasa ba zai yiwu ba, yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Likita ya rubuta masa gwajin da ake ƙirga yawan ƙwayar a jini, da hoton ciki, ya ce a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Muna da katin inshorar lafiya na wurin aikinsa, irin wanda kamfanin HMO ke kula da shi, duk wata ana cire masa wani abu a albashi. Da aka kai takardar sai suka ce hoton ciki suna biya, amma wancan gwajin ba ya cikin tsarinmu. Ya biya da kuɗinsa sau ɗaya, aka ce ƙwayar tana nan amma a dawo a sake dubawa. Daga nan magana ta shiririce. Mutum ne mai ƙarfi, yana azumi, yana buga ƙwallo da yamma, babu inda ke masa ciwo, ga kuɗin makarantar yara, ga haya. Babu wanda ya taɓa kiran sa ya ce lokacin dawowa ya yi.

Halin wannan ciwo ke nan, ba ya sallama. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Akwai ƙwayar magani guda ɗaya a rana, tenofovir ko entecavir, da ke danne cutar ta hana ta cin hanta idan an fara a kan lokaci. Kuɗinta a wata bai kai abin da muka riƙa kashewa a rana ɗaya daga baya ba. Har yau idan na tuna wannan sai ƙirjina ya yi nauyi.

A daminar 2022 ya fara gajiya. Ya dawo daga aiki ya kwanta ko takalmi bai cire ba. Sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ƙafa ta fara kumbura, wandonsa ya daina kamuwa a ƙugu alhali fuska da kafaɗa suna ramewa. Kowa ya ce shawara ce. Hajiya, mahaifiyarsa, ta aiko da saiwar rawaya a jiƙa, wani abokinsa ya kawo jarkar tsimi daga masu tallar magani da lasifika, maƙwabta kowa da nasa sassaƙen. Duk don ƙauna suka yi. Amma likitan hanta ya gaya mana daga baya cewa duk abin da mutum ya haɗiya ta hanta yake bi, kuma hantar da ta riga ta gaji ba ta da ƙarfin jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Wani dare na farka na ji shi a banɗaki yana kakari. Na tarar da shi durƙushe, bokiti a gabansa, jini ne baƙi-baƙi da gudaji. Bai ce komai ba sai "Kada ki tashi yara." Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa, ina riƙe da kansa a cinyata, jikinsa sanyi ƙalau. A ɗakin gaggawa na miƙa katin inshora, ma'aikaciyar ta ce sai kamfanin ya turo lambar amincewa kafin a yi masa wani abu da sunansu. Aka yi ta kiran layinsu, ba a ɗauka. Ni dai na cire ɗan kunnena da zobe na ba maƙwabcin nan jingina, ya ranto mana kuɗi a daren, aka saya jini, aka sa masa. Lambar ta iso da hantsi, ta abin da aka riga aka biya.

A wannan kwanciyar aka yi mana bayani. Hantarsa ta taurare, abin da likitoci ke kira sirosis. Jinin da ke zuwa daga hanji ya kasa ratsa ta, sai ya nemi wata hanya, ya cika ƙananan jijiyoyin maƙoshi har suka kumbura, ɗaya ta fashe. Aka zura masa na'ura ta baki aka ɗaure jijiyoyin da 'yan robobi, aka ɗora shi a kan maganin rage matsin jinin wurin, aka kuma fara masa maganin ƙwayar cutar da ya kamata a ce ya fara tun shekaru.

Daga nan gidanmu ya koma gidan jinya, kuma rabin jinyar a kicin take. Ruwa ya riƙa taruwa a cikinsa, aka ce a rage gishiri sosai. Na ɗauka gishirin gwangwani kawai ake nufi, ashe har da magi, da kanwar da muke sa wa miyar kuka da kuɓewa, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda ta yara. Na koyi yi masa tukunyarsa daban da tafarnuwa da citta da albasa da lemon tsami. Ranar farko ya ɗanɗana ya ture kwanon, ya ce, "Wannan ai ruwan zafi ne." Na fita tsakar gida na yi kukana, na dawo na zauna muka ci tare a kwano ɗaya. Tun daga ranar abincinsa nake ci. Rigima ta biyu da dangi ce, don kowa ya san mai shawara ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya shan nono. Likita kuwa cewa ya yi jikinsa yana cinye naman kansa, dole ya samu ƙwai da wake da kifi da nono, har da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta barci. Sai da na kai Hajiya gaban likitan ta ji da kunnenta sannan ta daina ɗauke ƙwan daga gabansa.

Idan cikin ya cika har numfashi ya gagara, sai mu tafi a tsiyaye ruwan da allura, lita-lita, ruwa mai kalar fitsari yana sauka a jarka. Duk lokacin da aka cire da yawa sai an sa masa albumin, wani sinadarin jini da hanta ke samarwa, ta jijiya, kwalba ƙarama mai tsadar gaske. Kamfanin inshora yana biyan gado da kuɗin ganin likita, albumin kuma namu ne. Kafin shekara ta ƙare suka ce mun cinye iyakar abin da aka ware mana.

Abin da ya fi tsorata ni ba jinin ba ne. Wata asuba ya tashi zai yi salla, ya fuskanci yamma, ya tayar da kabbara. Na ce, "Malam, gabas tana nan." Ya juyo ya kalle ni kallon baƙuwa, ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tuntuni. Mutumin da ke lissafin miliyoyi a ka, ranar ya kasa gaya mini ranar da muke ciki. Kafin azahar gida ya cika, ana cewa jifa ne, wasu na cewa iska ce, har an fara nuna yatsa ga abokan aikinsa. A asibiti likita ya ce ya miƙa hannuwa kamar mai tsayar da mota, sai tafukan suka riƙa faɗuwa suna tashi da kansu. Ya ce mana dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau ƙwaƙwalwa. Maganinsa wani ruwa ne mai zaƙi, lactulose, da ake sha har sai mutum ya yi bayan gida mai laushi sau 2 ko 3 a rana. Na zama mai ƙirga bayan gidan mijina a littafi. Ba mu bar addu'a da tofi ba ko na kwana ɗaya, amma na tsaya kai da fata ba a fitar da shi daga asibiti an kai shi wani wuri ba. Wannan tsayuwar ta jawo mini maganganu a dangi, wasu har yau ba su gama hucewa ba.

A farkon 2023 likitan ya zaunar da mu ya ce magani yana saya mana lokaci ne kawai. Akwai wani ma'auni da ake haɗawa daga gwajin jini, MELD, daga 6 zuwa 40, nasa yana ta hawa. Abin da ya rage shi ne dashe. Ana dashen ƙoda a Najeriya, har a nan Kano an daɗe ana yi, amma na hanta sai an fita waje, Indiya ko Masar ko Turkiyya. Ya ce a nemi ɗan uwa mai lafiya da zai ba da wani sashe na tasa, don hanta tana sake tofowa.

Na ɗauki wasiƙar likita na tafi ofishin kamfanin inshorar da kaina. Wani matashi mai ladabi ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, ya karanta wasiƙar har ƙarshe. Sannan ya jawo wani ɗan littafi, ya buɗe shafukan baya, ya ɗora yatsa a kan jerin abubuwan da ba sa biya. Dashen sassan jiki yana ciki. Jinya a ƙasar waje tana ciki. Na ce masa, "Ɗana, shekara nawa ana cire wa mutumin nan kuɗi, zazzaɓi ma da wuya yake zuwa asibiti. Yau da yake tsakanin rai da mutuwa ne za ku ce ba ku?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, wallahi ba ni na rubuta ba. Tsarin da kamfaninsu ya saya ke nan." Na san gaskiya ya faɗa. Littafin nan ba mu taɓa ganin sa ba, kati kawai aka raba wa ma'aikata. Na roƙa ko za su ɗauki gwaje-gwajen share fage da za a yi a nan gida, ya ce in rubuto. Na rubuta, likita ya rubuta, wurin aikinsa ma sun rubuta. Amsar da ta zo layi biyu ce: tunda gwaje-gwajen na dashe ne, su ma suna cikin abin da aka keɓe.

Ba a jima ba hutun rashin lafiyarsa ya ƙare, aka koma ba shi rabin albashi, daga baya aka sallame shi da ɗan abin sallama. Ranar da sunansa ya fita daga jerin ma'aikata, ranar katin ya mutu, namu da na yara duka. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, kuma ni ina goyon bayan haka. Amma inshorar da ke rataye a wuyan aiki tana guduwa ne daidai lokacin da ciwo ya hana mutum aikin, kuma ban ga amfanin tsarin da zai ƙi biyan gwaji mai sauƙi a farko sannan ya ƙi biyan aiki mai tsada a ƙarshe ba.

Neman mai bayarwa ya buɗe wani ciwon. Ni na fara miƙa kaina, rukunin jininmu bai dace ba. Aka gwada 'yan ɗakinsu, sai ga shi kusan dukansu suna ɗauke da ƙwayar. Likita ya ce alama ce tun suna jarirai suka samu, ko wajen haihuwa ko a ƙuruciya, ta aska ɗaya ta wanzami ko kaciya ko sakiya. Hajiya da ta ji sai ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kashe 'ya'yanta. Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, lokacin da kika haife su babu allurar rigakafin cutar nan a asibitocinmu. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara." Ban sani ba ko ta ji, amma ta karɓi kunun.

Wanda ya zo shi ne wanda ba mu nema ba. Maigida yana da ƙane ɗan uba, ɗan kishiyar Hajiya, direban babbar mota. Tun rabon gadon mahaifinsu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma sai a salla. Wata ranar Juma'a ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon yayansa. Da zai tafi ya kira ni soro ya ce, "Anti, ina ne ake gwajin?" Ba ya ɗauke da ƙwayar, jininsu ya dace, hantarsa ba kitse. Mahaifiyarsa, Inna, ta ce sai ta ji ta bakin malamai, aka je aka tambaya. Malamin ya ce majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta mai rai ya ba da sashen jikinsa, muddin ba zai halaka shi ba, da yardarsa, kuma ba sayarwa ba. Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Ubansu ɗaya. Allah ya tashi kafaɗunsu su biyun." Maigida ya ƙi da farko, yana cewa yaron nan yana da mata da ƙananan yara. Ƙanen ya ce masa, "Yaya, ba shawara na zo nema ba."

Sai kuɗi. Takardar da asibitin Delhi ya aiko ta haura dala 30,000, ban da jirgi da masauki da abinci na mutum uku na watanni. Muka sayar da filinmu, da motarsa, da sauran gwal ɗina, na kwashi adashe biyu. Muka cike fom na neman dala a farashin gwamnati ta banki, muna ta sintiri. Muna cikin jira, a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500. Kuɗin da muka tara yana ajiye yana narkewa. Ƙarshe a wurin 'yan canji na Wapa muka saya, kaɗan-kaɗan, duk abin da ya shigo a ranar mu canza shi kafin gobe.

Maigida mutum ne mai kunya, bai taɓa roƙon kowa ba. Da abokan karatunsa suka ce za su sa hotonsa a Facebook da WhatsApp a nemi taimako, ya juya fuska bango ya ce gara ya mutu. Ni na ba su izini, kuma na gaya masa ni na bayar. Aka yi sanarwa a masallacin unguwa. Iyayen ɗalibaina suka haɗa nasu. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a layinmu ta aiko da naira 2,000 a ƙulle a leda, ta ce a sa mata albarka. Akwai masu hali da muka sa rai da su da ba su ɗaga waya ba, akwai kuma wanda ba mu taɓa gani ba da ya biya mana kuɗin jirgi gaba ɗaya ya ce kada a faɗi sunansa.

A farkon 2024 muka tashi ta Addis Ababa, shi a keken marasa lafiya. Indiya ba ta wasa da maganar dashe. Dokarsu ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, kuma baƙo sai ya zo da mai ba shi daga ƙasarsa, ofishin jakadancin ƙasarsu ya tabbatar da dangantakar, sannan wani kwamiti ya zauna. Da yake uwa ba ɗaya ba, tambayoyin sun yi yawa. Aka yi gwajin DNA, aka nemi tsofaffin hotunan iyali, aka shigar da ƙanen shi kaɗai aka tambaye shi ko an biya shi, ko an matsa masa. Ya fito yana huci ya ce, "Wai ni za a tambaya nawa aka ba ni." Na ce ya yi haƙuri, don kare irinsa aka yi dokar.

An shiga da su da sassafe, ƙanen a gaba. Aka yanki ɓangaren dama na hantarsa, fiye da rabi, aka cire ta maigida gaba ɗaya aka dasa masa. Sai bayan isha likita ya fito. Ni kaɗai ce a wurin, ba mai jin Hausa, carbina a hannu, waya tana ta ƙara daga Kano. Da ya ce an gama lafiya, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a nan ƙasa na yi sujada. Bayan 'yan kwanaki na ga farin idon mijina ya fara dawowa. Ƙanen ya sha ciwo sosai a makon farko, ya rame, amma hoton da aka yi masa kafin mu taho ya nuna hantar ta tofo da yawa. Ya yi watanni bai hau mota ba, kuma mu muka riƙe gidansa a lokacin, don ba a yi maganar haka ba amma hakki ne.

Mutane suna ɗauka da an yi dashe an gama. Yanzu yana shan tacrolimus duk bayan awa 12, kada a makara, don kada jiki ya ƙi sabuwar hantar, kuma har ƙarshen rayuwa ne. Yana ci gaba da maganin ƙwayar cutar don kada ta kama sabuwar. Ana auna yawan maganin a jini a kai a kai, a duba ƙoda da sukari, mu tura wa likitocin can sakamako ta waya. Garkuwar jikinsa a danne take, don haka ko zazzaɓi ya yi sai asibiti, ruwan shansa a tafashe, ba ya cin abincin titi. Da ya ɗan samu ƙarfi na zagaya kamfanonin inshora ina neman wanda zai ɗauke mu da kuɗinmu. Duk inda na je, da sun ji tarihin sai su ce ciwon da aka shigo da shi ba ya ciki, magungunan dashe ma haka. Na yi wa yara da ni rajista, nasa kuma daga albashina da ɗan lissafin da yake yi wa 'yan kasuwa a gida muke saye.

An gwada mu duka. Ni an ce na taɓa kamuwa jikina ya kore ta. Ƙananan ukun sun samu rigakafi tun suna jarirai, ba su da komai. Babban ɗanmu, wanda aka haifa a 2003, yana ɗauke da ita. Hantarsa lafiya lau take a yanzu, likita na duba shi duk wata shida, kuma kuɗin gwajinsa nake fara warewa kafin na cefane. 'Yan ɗakin maigida biyu sun fara shan magani. Bashin da ke kanmu mun biya kusan rabi, sauran masu shi sun ce mu bi a hankali. Maigida ya koma jam'i a masallacin unguwa, kuma duk Juma'a shi da ƙanensa suke tafiya gaishe da iyayensu mata, su fara da ɗakin Inna sannan na Hajiya.